Ciwon Aro

Duk ƙaramin likitan da aka turo mini daga Zariya, abin da yake fara yi in ya sauko daga mota shi ne ya ɗaga wayarsa sama yana neman sabis. Daga nan sai ya dubi ginin asibitin, ya dubi mangwaron da ke tsakar fili da awakin da ke kwance a gindinsa, sai in ga kafaɗunsa sun sauka. A ganinsa hutu ya samu. Ya baro babban asibiti inda ake farka ciki ana ɗinkewa, an kawo shi ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara ya yi wata uku yana rubuta maganin zazzaɓi. Ku ma da kuka iso makon jiya haka kuka yi, ta taga na hango ku. Ban ce komai ba, don ni ma da irin wannan kallon na shigo lokacin da gashina yake baƙi.

Tun da dai sai na sa hannu a takardarku kafin a kira ku likitocin iyali, bari in gaya muku yadda aikin yake.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba. Abin sauraren ƙirji, abin awon jini da robarsa ta sha ɗauri da filasta, tocila, ma'aunin zafin jiki, sai sikelin da ba ya faɗin gaskiya sai an taka shi sau biyu. Hoton ƙirji sai an je gari. Kaki a nan muke karɓa, mai babur ya kai wurin gwaji, sakamako ya dawo ranar da ya dawo. A inda kuka fito, kafin mara lafiya ya iso gabanku an riga an tace shi: wannan na ƙashi ne, wannan na ido, wannan ta haihuwa ce. A nan ba mai tace muku kowa. Ƙofa ɗaya ce. Ta ita mai ƙaiƙayin ƙafa yake shigowa, ta ita wanda zuciyarsa ke shirin tsayawa yake shigowa, kuma su biyun da magana ɗaya suke farawa: "Likita, jikin ne ba daɗi."

Koyarwar kuma ga yadda take. Makon farko kai ne a benci a lungun ɗaki, ni ina duba mutane kana kallo. Daga nan mu yi musanya, ka hau kujerata, ni in koma lungu in kama bakina. Ba na tanka maka sai in na ga za ka cutar da mutum. In an yi la'asar, layi ya ƙare, mu zauna a baranda mu bi waɗanda ka gani ɗaya bayan ɗaya. Ni ba na ba da amsa, tambaya nake yi, kuma na san tana ba ku haushi har wuya. Mataki na ƙarshe shi ne in fice daga ɗakin gaba ɗaya in bar ka da su. Wannan ya fi sauran wuya, kuma a gare ni yake da wuyar, ba a gare ku ba.

Wanda ya koya mini haka wani dattijon likita ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe da rasuwa. Na tuna wani manomin barkono da na duba a gabansa. Ciwon kai ya kawo. Na auna jini, na haska ido, na rubuta magani, na sunkuya ina cike kati tun mutumin bai kai ƙofa ba. Da yamma maigidan nawa ya ce, "Da ya kama labule, me ya yi?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Ya tsaya. Ya juyo. Ya ga tsakiyar kanka, ya fita." Mutumin ya dawo bayan mako biyu, kuma a bakin labulen nan ya faɗi abin da ya kawo shi tun farko, matsalar fitsari ce da yake jin nauyin ambata. Tun daga ranar ba na ɗaukar biro sai labule ya daina motsi.

Mutanen da za ku gani manoma ne, kuma gona ce ke tsara musu lokacin ciwo. Da damina namiji ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa, sai dai a ɗauko shi. In an yi kaka, masara ta shiga rumbu, sai ka ga benci ya cika da ciwukan da aka daɗe ana ajiya. Wani zai ƙi ƙwaya ya ce allura yake so. Wani zai gaishe ka, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan bana, kuma in ka katse shi ka rasa shi. Sannan a makonninku na farko, kuna tambaya za su riƙa juyawa lungu suna ba ni amsa. Kada ku ji haushi. Ni kan ƙura wa ƙasa ido har su gaji su juyo gare ku.

Akwai shekarar da ba a turo mini kowa ba. Yajin aiki ya ja, makarantar likitoci ta tsaya, kuma a daminar ne amai da gudawa ya shigo ƙauyukan nan. Ni kaɗai ne likita, sai nas biyu. Gadaje suka ƙare muka shimfiɗa tabarmi, sandunan rataye ruwa suka ƙare muka buga ƙusa a bango. Mun rasa mutane, wasu na san su tun suna goye. Aikin ya yi yawa, amma aiki ba baƙona ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne la'asar. Iyalina suna Zariya saboda makarantar yara, sai ƙarshen mako nake ganinsu, a lokacin kuwa ko ƙarshen makon babu. Sai in zauna a barandar nan in riƙa bin marasa lafiyar yini da baki, ina tambaya ina ba kaina amsa. Kaɗaici ne ƙarara, ba ni da wani suna da zan ba shi. Likita yana bukatar wanda zai ce masa, "Kai me ka gani?"

Wadda aka fara turowa bayan wannan shekarar ita ce Dakta Nafisa. Haihuwar Kaduna ce, kanta yana ja, hannunta yana da sauri, kuma in tana magana rabi Hausa rabi Turanci sai ka rasa inda ɗaya ya tsaya. A mako na uku ta riga ta gaji da ni. Ta taɓa ce mini, "Yallaɓai, in ka san amsar ka faɗa mana, ai ba kotu muke ba." Na ce mata kotu ma ta fi sauƙi, can akwai lauya.

Ranar wata kasuwar Makarfi, da rani, lokacin da ake matsar rake ana dafa mazarƙwaila, wata tsohuwa ta shigo. A kati an rubuta Hanne, daga wani ƙauye bayan Gubuci, mijinta ya rasu. Siririya ce, amma irin siraran da za su riga ka isa rijiya. Ta gaishe ni a lungu, ta gaida Nafisa, ta zauna a bakin kujera ta gyara lulluɓi.

Nafisa ta ce, "Mama, me ke damun ki?"

Ta ce, "Tari ne, 'yar nan. Ya daɗe. Da yamma zazzaɓi, da dare gumi. Ga rama. Kwanan nan har da jini-jini a kaki."

Duk ɗalibin da ya ji wannan ya san inda za a nufa, tarin fuka ne sai an tabbatar ba shi ba. Nafisa ta yi duk abin da ya kamata. Ta saurari ƙirji gaba da baya, ta ji shi fes. Ta auna zafi, babu. Ta ɗora ta a sikeli ta rubuta. Ta ba ta 'yar kwalba ta ce ta je bayan ɗaki ta kawo kaki, tsohuwa ta daɗe can, ta dawo da yawu zalla.

Inna Hanne ta ce, "Da dai kin ba ni maganin kawai in tafi da shi."

Nafisa ta ce, "Ba a ba da shi haka, Mama. Sai gwaji ya nuna."

Gwaji bai nuna komai ba. Kasuwa ta zagayo, tsohuwa ta dawo, nauyinta yana nan inda yake, ƙirji fes, amma labarin ya ƙara muni. Nafisa ta rubuta mata takardar hoton ƙirji. Ta karɓa da hannu biyu ta ƙulle a gefen zane, kuma daga yadda ta ƙulle ta na san ba inda za ta kai ta.

Da la'asar a baranda Nafisa ta ce, "Yallaɓai, matar nan lafiyarta ƙalau. Ko damuwa ce, ko kuma so take ta karɓi magani ta kai wa mai kemis."

Na ce, "Sau biyu ta zauna a gabanki. Kin ji ta yi tari?"

Ta ce, "A'a."

"Ta ce miki ƙirjinta yana ciwo? Ta ce numfashi yana yi mata wuya in ta hau tudu?"

"Ba ta ce ba."

"To me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa, kada ki gyara."

Nafisa ta rufe ido tana tunowa. Ta ce, "Ta ce tarin har zaure ana jin sa. Ta ce riga takan jiƙe sai an shanya ta da safe. Ta ce ƙasusuwan kafaɗa sun fito, in an juya baya ana ƙirga su. Ta ce tuwo yakan dawo yadda aka kai shi."

Na ce, "Wane ne yake ganin bayan kansa?"

Ta buɗe ido. Duk abin da tsohuwar ta faɗa, abin da mai tsaye a tsakar gida yake gani ne yake ji. Ba ta faɗi ko ɗaya daga abin da mai ciwon yake ji a jikinsa ba, don ba a jikinta yake ba.

Nafisa ta ce, "To me zai hana ta ce wani ne ba lafiya? Mene ne abin ɓoyewa?"

Na ce, "Ke ta nawa ce a wurin mahaifiyarki?"

"Ta fari."

"Tana kiran sunanki?"

Ta yi dariya ta ce, "Har maƙwabta suna ji."

"Kakarki fa? Yaya take kiran babanki?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce kakarta ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan", kuma ko da ya yi haɗarin mota ba ita ta je asibiti ba, ƙanwarta ta tura.

Ku da kuka tashi a birni kun san kunyar ɗan fari a matsayin abin ba'a, abin da ake tsokanar tsofaffi da shi a gidan biki. A ƙauyukan nan, musamman gidajen malamai da masu jinin Fulani, har yanzu akwai matan da suke riƙe da ita da gaske. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. A ce ta zo gaban baƙi ta buɗe baki ta ce ɗanta ba shi da lafiya, hankalinta ya tashi, wannan a wurinta kamar ta fita kasuwa ba ɗankwali ne. Inna Hanne ta rasa yadda za ta yi, sai ta ari ciwon ta kawo a jikinta.

Zato ne muka yi, ba tabbas ba. Amma in zaton ya zama gaskiya, to a wani gida bayan Gubuci akwai mutum yana tofar da jini, wataƙila da yara a ɗaki ɗaya da shi, kuma ba mu da wata hanya zuwa gare shi sai tsohuwar nan. In muka kunyata ta, ba za ta sake tako asibitin ba. In muka tura mota ƙauyen ana tambayar gidan mai tari, mun tona musu asiri. In ni na tambaye ta, namiji sa'an ƙaninta, tashi za ta yi ta gyara lulluɓi ta ce ta gode. Na ce wa Nafisa, "Wannan taki ce. In ta dawo, ni fita zan yi."

Kasuwa ta zagayo, ba ta zo ba. Ranar Nafisa ta duba mutane idonta yana kan labule. Ni ma abincin rana bai shiga ba, don na san tarin fuka ba ya jiran kowa ya gama koyon aiki. Sai kasuwar da ta biyo baya muka hango ta tana saukowa daga bayan babur.

Na fita baranda na tsaya kamar mai duba mangwaro. Shekara da shekaru ɗakin nan nawa ne, ranar kuwa mafi amfanin abin da zan yi shi ne in bar shi. Wasu maganganun na jiyo ta taga, sauran Nafisa ta ba ni daga baya. Ta ce ta cire abin sauraren ƙirji ta ajiye, ta zagayo daga bayan tebur ta zauna kusa da ita a benci, ta yi gaisuwa doguwa yadda ta ga ana yi. Kuma ba ta ce mata ta gane ba.

Ta ce, "Inna, tarin nan naki yana hana zuwa aiki?"

"Ana dai zuwa. Rake ba ya jira."

"Hayaƙin dahuwa yana taso shi?"

"Haka ake cewa. Wai hayaƙi ne."

"Ke kin yarda hayaƙi ne?"

Tsohuwa ta ce, "Na ga hayaƙi tun kafin a haife ki. Bai taɓa sa mutum ya koma haka ba."

"Akwai yara a ɗakin da ake tarin?"

"Akwai. Har da ta goye."

Nafisa ta ce, "Inna, maganin wannan tarin yana nan, kuma ana warkewa sarai. Amma ba irin wanda ake ƙullewa a gefen zane ba ne. Sai na sa kunnena a ƙirjin. In na zo gaishe ki a gida, akwai mai hanawa?"

Can na ji muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa.

"Wa zai hana baƙo gaisuwa? Sai dai ki zo da yamma, an dawo daga aiki. Kuma kada ki sa farar rigar nan."

Washegari na kai ta a motata. Muka bar titi muka bi ta cikin gonakin rake, ƙanshin mazarƙwaila ya cika ko'ina. Ni na tsaya a zaure, ita ta shiga a matsayin baƙuwar Inna. Ba a jima ba maigidan ya dawo, ɗan farin Inna ne kamar yadda muka zata. Sunansa Haruna, a bakin matarsa ma ba mu ji shi ba, wani maƙwabci ne ya faɗa da suna gaisawa. Zai yi shekara arba'in. Rigarsa tana lilo a jikinsa kamar a kan igiyar shanya. Muka gaisa, ya yi tari ya juya kai ya tofar a bayan ƙofa, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

Yana shiga tsakar gida, Inna Hanne ta ɗauki ƙwaryar wakenta ta shige ɗaki ta ba ƙofa baya. Nafisa ta gaya masa ko ita wace ce. Ransa ya ɓaci, har zaure na ji.

Ya ce, "Hayaƙi ne, Likita. Kowa a wurin dahuwa yana tari. In aka ce tarin fuka gare ni, wa zai sayi mazarƙwailata? Wa zai sa hannu a akushi ɗaya da ni? Ku rufa mini asiri ku tafi."

Tsoronsa ba na banza ba ne, na ga an yi wa wasu haka. Da ni ne da ƙuruciyata, wa'azi zan fara yi masa a kan ƙwayoyin cuta. Nafisa ba ta yi musu da shi ba. Ta ce to ta ji, amma tun da ta zo, ya bari ta duba yaran. Ta ciro abin sauraren ƙirji daga jakar hannunta ta bi su ɗaya ɗaya. Da ta zo kan wata 'yar ƙarama, yayar ta goyen, ta shafa wuyanta ta ji ƙulli-ƙulli, uwar kuma ta ce ta kwana biyu ba ta cin abinci, jikinta da ɗumi kullum. Nafisa ta kama hannun Haruna ta ɗora a wuyan yarinyar ta ce ya taɓa da kansa.

Sai daga cikin ɗaki, Inna Hanne, tana fuskantar bango tana tsintar wake, ta ce, "Mutum dai ya riƙa jin maganar baƙi."

Haruna ya zauna a kan turmi ya ɗaga rigarsa.

Gwaji ya tabbatar. Aka sa shi a magani, aka sa yarinyar, aka duba sauran gidan. Maganin tarin fuka wata shida ne, kullum ba fashi, kuma ana so a samu wani a gida da zai tabbatar an haɗiye. Da Nafisa ta tambayi wa zai yi, matar Haruna ta dubi ƙasa, don ba ta iya sa shi dole. Daga baya matar ta gaya mana yadda aka yi. Kowace safiya Inna takan dama koko, ta ɗora ƙwayoyin a faifai ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, ta zauna a gefe ta juya baya. Ba ta kallonsa, ba ta ce masa uffan. Kuma ba ta tashi sai ta ji ya haɗiye.

Wata ukun Nafisa ya cika Haruna bai yi nisa a magani ba. Jinin ya tsaya, ya fara cin tuwo, amma har lokacin ƙashi ne da fata. Ranar da za ta tafi ta rubuta mini lambarta ta ce, "Yallaɓai, don Allah duk yadda aka yi ka gaya mini." Na ce to. Kowannenku haka yake cewa a kan mutum ɗaya, kuma da gaske yake. Amma tsarin haka yake: ku kuna ganin farkon labari, mota ta zo ta ɗauke ku, ƙarshen ya rage wa wanda ya zauna. Ina riƙe da ƙarshen labarai da yawa waɗanda masu farkonsu suka watse a duniya.

Ruwa yana sauka Haruna ya daina zuwa karɓar magani. Wannan shi ne abin da nake tsoro tun farko. Mutum ya ji ƙarfi, gona ta kira, ya ce ya warke. In aka yanke maganin a tsakiya, tarin yakan dawo da taurin kai, irin wanda maganin farko ba ya jin sa. Na aika, shiru. Na je da kaina, matarsa ta yi mini magana daga bayan katanga ta ce ya tare a wata gona can wajen Furana, a bukka yake kwana sai an gama noma. Inna ba ta fito ba, ban kuma sa ran za ta fito wa namiji a kan wannan maganar ba. Na bar sauran maganin a hannun matar, na yi bayani, na maimaita, na dawo ba tare da na san ko zai kai bakinsa ba. Bai zo gwajin ƙarshe ba. Damina ta cika mana asibiti da yara masu zazzaɓi, wasu ƙananan likitoci biyu suka zo suka tafi, ba wanda ya san sunan Haruna a cikinsu. Ni kaɗai nakan tuna shi in na bi ta mararrabar Gubuci.

Bayan an yi kaka, a tsakanin tafiyar wani ɗalibi da zuwan wani, ina ɗakin ni kaɗai, labule ya ɗaga sai ga Inna Hanne tana dogara sanda. Na ce a raina ko dai tarin ya dawo, ko kuma an yi rasuwa ba a gaya mini ba.

Muka gaisa. Ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, na tambayi amfanin gona. Ban katse ta ba.

Na ce, "Inna, me ke tafe da ke?"

Ta ce, "Gwiwa."

Ta ɗan ja zane. Gwiwar dama ta kumbura suntum, da ɗumi, da ruwa a ciki, ina dannawa ta cije leɓe ta riƙe gefen kujera. Ciwo ne na gaske, a jikinta. Ban taɓa murnar ganin kumburin gwiwa ba sai ranar.

Na ce, "Ina kika kai ƙafar nan ta yi haka?"

"Yawon tsufa ne."

"Yawon ya kai Furana?"

Ta dubi bango ta ce, "Gonar da nisa. Koko kuma ba ya son ya huce."

Daga ƙauyensu zuwa can, da damina, babur ma ba kullum yake ratsawa ba. Na sunkuya ina naɗa mata bandeji don kada ta ga fuskata.

Na ce, "Maganin ya ƙare?"

"Ko ƙwaya ɗaya ba a bari ba."

"Mai tarin fa?"

"Yana wurin rake tun da sassafe. Riguna ma sun yi kaɗan."

Na ce a gaya masa ya zo a yi gwajin ƙarshe, don sai da shi za mu rufe magana. Ta ce ita ba ta magana da shi, amma zai ji. Ya kuwa zo a makon, kuma gwajin ya fita fes.

Na rubuta mata magani, na ce ta huta da tafiya. Ta miƙe da ƙyar, ta kai bakin ƙofa, ta kama labule ta tsaya.

Ta ce, "Ina 'yar nan?"

Na ce, "Ta gama wa'adinta, Inna. Ta koma Zariya. Na ji ma an ce ta samu aiki a ƙasar waje."

Ta jima tana riƙe da labulen. Sannan ta ce, "To in kun yi waya, ka ce mata wannan karon nawa ciwon na kawo."

Da la'asar na kira lambar. Aka ce ba ta aiki. Na sake gwadawa washegari, na tambayi abokan karatunta, wani ya ba ni wata lambar, ita ma ba ta shiga ba. Saƙon yana hannuna har yau, ban samu mai shi ba. Shi ya sa na ba ku.